Hajja, Na Tuge Miki Iyaka

Zuwa ga kakata, Hajja Dije,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta jika ga kakarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. An koya mana a tambayi lafiyar wanda ake rubuta wa wasiƙa. Na rubuta layin, na soke, na sake rubutawa, sannan na haƙura, don inda kike addu'a ta fi tambaya amfani. Mutanen gida duk lafiya. Yau wata goma sha ɗaya da kwana shida da rasuwarki, kuma sai da na duba kalanda sau biyu kafin in rubuta haka.

Labari biyu nake tafe da su. Na farko, na gama jami'a, na samu digirina a kimiyyar ƙasar noma. Na biyu, na yi miki ɓarna a fadama. Zan ajiye wasiƙar nan inda abokaina za su karanta, domin labarin ya riga ya zaga Haɗejiya, kowa da irin gishirin da ya ƙara masa. Akwai mai cewa na yi kuka. Ban yi kuka ba, idona ne kawai ya cika.

Bayan na dawo gida, Umma da ƙannenta suka zauna suka ce tunda ni na karanta noma, ni zan kula da gonarki ta bakin kogi, ta hanyar Baturiya, kafin a kira mu bautar ƙasa. Kin san ni ɗan birni ne. Zuwana gonar nan a da bai wuce na hutun makaranta ba, shi ma don in sha kankana in kwanta a inuwa, kina ta tsokanata: "Angona, da wannan hannun naka mai laushi za ka ciyar da ni?" Amma na karɓi aikin da gaske. Na sayi sabon littafi na musamman da igiyar awo.

Kin tuna layin jemar da ya raba gonarki da ta Baba Garba, maƙwabcinmu? Ciyawar nan mai tsayi da kike yanka ki yi faifai da ita. Na san sunanta na boko, har ya fito mana a jarrabawa na kuma ci. Da na tsaya na dube ta da idon mai digiri, sai na ga laifi uku. Ta karkace, ba ta tafi a miƙe ba. Ta cinye ƙasa mai faɗin taku biyu. Kuma ɓeraye suna ɓuya a cikinta. Baba Garba lokacin ya tafi Jahun jinyar yayansa, ni kuma na ji kunyar tambayar mata. Sai na ɗauko ƴan ƙwadago baƙi, na ce su tuge ta har saiwa. A gurbinta na kafa turaku goma sha biyu, na shafa musu jan fenti, na auna nisan kowanne daga gaɓar kogi na rubuta a littafi. Na koma gida ina jin na kawo wa zuriyarmu ci gaba.

Sai ruwa ya zo, kamar yadda yake zuwa kowace shekara. Ya hau gonar a watan Agusta, ya zauna abinsa, bai janye ba sai ƙarshen Oktoba. Ranar da ƙasa ta fara ɗaukar mutum na je da littafina. Hajja, babu turke ko ɗaya. Laka ta shimfiɗe sumul daga gonarki har ta Baba Garba, kamar an daɓe tsakar gida. Na ce ba komai, ai ina da awo. Na nufi gaɓa don in fara aunawa, sai na tarar gaɓar ma ba ta inda na bar ta. Kogi ya ci nan, ya ajiye yashi can. Shekara biyar ina karatun ƙasa, ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa gaɓa tana tafiya ba.

A aji an faɗa mana cewa mutane sun daɗe suna yawo suna bin abinci, sai da suka koyi shuka sannan suka zauna. Zama ya kawo rumbu, rumbu ya kawo kasuwa da ganuwa da sarauta da haraji, har da rubutu, don a san na wane da na wane. Malaminmu yakan ce duk inda aka fara noma, ba a daɗewa sai an fara maganar iyaka. Na rubuta wannan da kyakkyawan rubutu na haddace. Ban san kina ba ni darasin nan tun ina ƙarami ba, lokacin da kike ba mu labarin kakanki da ya zo da shanu daga gabas ya sauka a bakin fadamar nan da rani. Kin ce shanunsa suka yi wa kakan Baba Garba taki shekara uku a jere, shi kuma ya yanka masa gefen gona ya ce ya zauna. Su biyu suka dasa jemar. Daga wannan yankin ƙasa muka zama mutanen gari. Daga shi aka gina gidanmu na cikin Haɗejiya, aka aurar da Umma, aka kai ni makaranta. Ni kuma na zo na tuge shaidar a yini ɗaya da rabi.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ga lokacin shukar alkama ya matso, ita kuwa ba ta jira, in sanyi ya yi nisa an yi asarar shekara. Ba zan iya yin fangalin ban ruwa ba sai na san inda gonarmu ta tsaya. In na matsa gaba, na ci ƙasar maƙwabci, kin kuma san abin da malamai ke faɗa kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani. In na ja baya, na zubar da haƙƙin magadanki. Ga zumuncin gida biyu tun kakannin kakanni. Na san gidajen da suka daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba.

A rana ta huɗu na je na durƙusa gaban Baba Garba a ƙofar gidansa. Na shirya bayanina a takarda, sashe uku. Ban gama na farko ba ya fashe da dariya har da buga sanda. Ya ce: "Malam Injiniya, ai tun dawowata daga Jahun na ga jan turakunka. Na ce bari in yi shiru in ga wa zai ci, kai ko kogi."

Washegari da hantsi muka tafi gonar. Ya taka cikin laka, ya soka sandarsa a wani wuri, ya ce nan ne. Na duba littafina na yi lissafi gwargwadon abin da ya rage na alamu, na ga ya bar mana kusan taku huɗu na ƙasarsa. Na ce a'a, Baba, iyakar tana nan ta wajenmu. Ya ce tana nan inda ya soka sanda. Na ce Baba, da girmanka, ba nan ba ce. Sai ya ɓata rai ya ce: "Kai yaro, ni za ka rataya wa ƙasar marayu a wuya ina dab da kabari? Ɗauki abinka!" Na ce ai Umma ta haura hamsin, ba marainiya ba ce. Ya ce duk wanda uwarsa ta rasu maraya ne, kada in kawo masa boko. Da kin ga yadda muka yi ta tura wa juna gona, kowa yana rantsuwa ba tasa ba ce, da kin yi dariyar nan taki da sai kin riƙe ciki. Masu wucewa suka tsaya kallo. Wani ya ce in mun rasa mai so, shi a ba shi.

Cikin masu kallon akwai Malam Bukar masunci, wanda yake kafa tarkunan kifinsa a kan gonar nan duk lokacin da ruwa ya rufe ta. Da ya ji abin da ya faru, sai ya nuna ni ya ce: "Au, kai ne? Tun damina nake neman wanda ya korar min kifi!" Ashe a gindin jemar kifi ke taruwa, a jikinta yake jera tarkunansa shekara da shekaru. Ya ƙara da cewa Bappa Sale makiyayi ma zai neme ni, don in an yi girbi ta gefen jemar yake koro shanunsa su ci kara su bar taki. Sai a ranar na gane gonar da nake kira tamu mutum uku take ciyarwa bi da bi: masunci da damina, manomi da rani, makiyayi bayan girbi. Babu takarda a tsakaninsu, ciyawar nan ce duk suke kallo. Malam Bukar ya ce daga cikin kwalekwale yakan saita giginyar can da hasumiyar masallacin ƙauye, layin yana nan tsakani. Wannan ya rage mana nisa, amma layinsa a miƙe yake, jemarki kuwa a karkace take. Muka koma inda muka fara.

Ana haka sai ga Iya Talatu, matar Baba Garba, aminiyarki, ta kawo masa fura. Ta tsaya ta saurare mu, ta ajiye ƙwarya, ta ce: "Maza uku da littafi guda, kun rasa abin da hancin tsohuwa zai gano." Ta ɗaure zane, ta karɓi fartanya, ta tona laka kamu guda a kusa da inda Malam Bukar ya nuna. Ta damƙo ƙasa ta sansana ta yar. Ta matsa ta sake tonawa. A rami na uku ta zaro wasu siraran saiwoyi, ta murza a tafin hannu, ta miƙo min ta ce in sansana.

Hajja, ƙamshinki ne. Ƙamshin da ke tashi in kin buɗe adakarki ranar Juma'a, wanda ke jikin mayafinki in na kwanta a cinyarki. Ban taɓa sanin daga ina yake ba. Iya Talatu ta ce duk shekara ku biyu kuke tono saiwar jema kaɗan, ku shanya, ku sa cikin tufafi. A nan ne idona ya cika, kuma a nan masu ba da labari suka samu abin ƙarawa.

Na san daga littafi cewa saiwar jema tana nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum. Abin da ban sani ba shi ne ƴan ƙwadagona sun tona kamu ɗaya ne kawai suka ce sun gama. Ban taɓa gode wa ha'incin ɗan ƙwadago ba sai ranar.

Muka bi layin da gwiwa, mu huɗu, muna tona muna sansanawa. Baba Garba yana cewa hancinsa ya tsufa, Malam Bukar yana cewa shi komai ƙarnin kifi yake masa, Iya Talatu tana yi musu tsiya tana gaba. Duk inda aka samu saiwa in soka kara. Rami arba'in da ɗaya muka tona kafin la'asar. Da muka miƙe muka duba, sai ga iyakar ta fito da karkatarta. Daga sama ta shiga ta wajen Baba Garba, daga ƙasa ta dawo ta wajenmu. Ashe daga ni har shi babu mai gaskiya. Na tambayi dalilin karkatar. Iya Talatu ta ce a gonar akwai tudu mai yashi, akwai kwari mai laka, tsofaffin nan suka lanƙwasa layin don kowane gida ya samu rabonsa daga kowanne. Abin da na kira kuskure, adalci ne aka yi shi da ciyawa.

Mun samo jema daga gonar wani dattijo, muka raba gindinta muka dasa a kan tsohon layin, ni ta wannan gefe, Baba Garba ta wancan. Ya hana ni amfani da igiyar awo. Mun shuka alkama a makare da kwana biyar bisa lissafina, shi kuma ya ce daidai ne bisa nasa. Yanzu ta rufe ƙasa, kore shar, jemar ma ta kama, saura gindi uku da nake zuwa ina dubawa kullum. Malam Bukar ya yafe min, da sharaɗin in shiga kwalekwalensa da damina in ga gonar daga sama. Na amsa, ko da yake ban iya ruwa ba, na kuma gaya masa hakan sau biyu. Iya Talatu ta yi alkawarin koya wa ƙanwata Safiya ɗinkin faifai in jemar ta yi tsayi.

Ki yafe min, Hajja. Da kina nan da kin tsayar da ni da kalma ɗaya tun kafin in sayi fenti. Ina kewarki a ranakun da abu ya rikice min, amma na fi kewarki a ranakun da abin dariya ya faru, in juyo in ba ki labari in tuna ba kya ɗakin.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki. Allah Ya jiƙan tsofaffin nan biyu da suka raba ƙasa ba tare da sun raba zumunci ba. Duk wanda ya ci daga gonar nan, mutum ko saniya ko tsuntsu, Allah Ya kai ladan gare ki. Mu kuma Ya tsare mu daga cin haƙƙin maƙwabci, da saninmu ko da rashin sani. Amin.

Naki har kullum,
jikanki, angonki,
Habibu
Haɗejiya