Zuwa Ga Luka, A Kan Harsashin Da Aka Ciro Daga Ƙafar Baba Tanko

Ƙanena Luka,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Fatakwal. Mama tana gaishe ka. Idonta ya yi rauni, amma duk ranar da jirgin kudu ya yi kuka a tashar Kafanchan sai ta tambaya ko wasiƙarka ta zo. Shekara biyar ke nan ina rubuto maka labarin gona da ruwan sama. Yau zan rubuta abin da ni da kai ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

Ka tuna gardamarmu a kan harsashi, bayan Baba ya rasu ya bar mana bindigoginsa biyu ƙirar gida. Ni na tsaya a kan dalma, ina narka ta ina zubawa yadda ya koya mana. Kai kuwa ka samo 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, daga wajen abokinka mai gyaran keke. Ka ce dalma tafiyar tsohuwa take yi.

Muka jingina tsohuwar ƙofa a gindin ɗorawa, ka zana da'ira da gawayi. Dalmata ta shiga da'irar sau huɗu cikin biyar, amma ta maƙale a katako. Ƙarfenka ya huda ƙofar ya fita ta baya, sai dai biyu kaɗai suka shiga da'ira, sauran kowanne ya kama gabansa. Ka yi ta rawa kana nuna wa Mama ramukan. Ni na ce gudu ba ya amfani idan bai je inda aka aike shi ba. Ka ce kishi ne.

Sai ranar da birai suka sauko daga duwatsun Kagoro suka shiga masara. Maƙwabcinmu Baba Tanko ya zagaya ta hagu don ya koro su. Mu biyu muka harba kusan tare, wajen babban dutsen nan. Na ji wani sauti kamar an buga fartanya a kan fartanya, sannan na ji ihun Baba Tanko, harsashi ya ragargaza masa ƙafa.

A wannan makon takardarka ta aikin jirgin ƙasa ta iso. Da maganar ta kai wajen 'yan sanda, da aikin ya tafi. Da dattawa suka zauna suka tambaya wa ya yi harbin, na dube ka, sai na miƙe na ce ni ne. Ba ka roƙe ni ba, wannan gaskiya ne. Amma ba ka ce a'a ba.

Dattawa suka yanke cewa zan riƙa noma gonar Baba Tanko har 'ya'yansa su girma. A lokacin babban ɗansa shekararsa bakwai.

Ka san an yi mini alkawarin koyon tuƙi a Jos. Mai motar ya jira ni damina ɗaya, ya ɗauki wani. Yanzu da safe ina gonar cittar Baba Tanko, da yamma ina tamu. Gidan su Saratu, yarinyar da nake nema, sun mayar da kayan gaisuwata, ubanta ya ce ba zai ba da 'ya ga mai harbin mutum ba. A coci ana yi mini fara'a, amma idan aka fita farauta ba wanda yake son tafiya a gabana. Na daina fita. Daga gona ina jin jirgi yana wucewa, ina sanin na Jos da na kudu ba tare da na ɗaga kai ba.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, Baba Tanko ya kira ni ƙofar gidansa. Ya ajiye sandarsa, ya buɗe battar taba, ya juye a tafin hannuna. Ƙwallon ƙarfe ne, Luka, mulmulalle, ko kwarzane babu. Ya ce likita ne ya ba shi ranar da aka yi masa aiki. Ya ce shekara talatin yana farauta, ya san dalma idan ta daki dutse bajewa take yi, ƙarfe ne yake tsalle ya dawo. Kuma duk unguwa an san wanda yake ɗura ƙarfe.

Ya ce ya yi shiru ne don ya ga ni na zaɓi ɗaukar laifin, kuma don yana da yara huɗu da ƙafa ɗaya. Da ya yi magana, da kai ka rasa aiki, shi kuma bai tabbata za ka iya noman da nake yi ba. Ya roƙe ni gafara, yana kuka. Dattijon da nake jin kunyar haɗa ido da shi shekara biyar.

Na ɗauka idan gaskiya ta fito zan ji nauyi ya sauka. Ranar Litinin na ɗauki fartanya na tafi gonarsa kamar kullum. Babban ɗan nasa yanzu shekararsa goma sha biyu. Cittar ba za ta jira ba, Mama ba ta san komai ba, kuma idan na buɗe baki yau, me zai dawo mini?

Abu ɗaya Baba Tanko ya roƙa. Ya ce yana so ka zo ka gaishe shi da bakinka kafin ya mutu. Ba zai faɗa wa kowa ba.

Luka, ba na ƙinka. Ni ne na goya ka muka haye rafi zuwa makaranta, kuma da za a sake zaman nan, ina jin zan sake miƙewa. Amma na gaji da ɗaukar abin nan ni kaɗai. Ka daina aiko da atamfa da sabulu. Ka zo Kirsimeti, ka zauna kusa da ni a gona ko da yini ɗaya ne.

Ubangiji ya tsare ka a bakin aikinka, ya ba ka ƙarfin hawa jirgin nan, ni kuma ya ba ni zuciyar da zan tarye ka da ita a tasha.

Ni ne yayanka,
Bitrus