Kwalbar Allurar Baba

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma ƙanwarki tana samun sauƙi bayan aikin da aka yi mata. Ki ce mata ta daure ta miƙe, don ta ɗauke mana mai riƙe gida. Na zaɓi rubutu ne saboda kin san ni da waya, kafin in gama gaisuwa kati ya ƙare. Abokina da ke bin hanyarku zai kawo miki ba ko sisi.

Mu dai muna nan muna gasuwa. Ko bango ka dafa sai ka janye hannu. An rufe makaranta, motar ɗaukar ɗalibai da nake tuƙawa tana ajiye, kuma rabin albashi za su riƙa ba ni har a koma, kamar kowace shekara. Ga yara a gida wuni guda, bakinsu ba ya hutawa. Makon farko na saki hannu, ba zan ɓoye miki ba. Mai askirim ya gane ƙofarmu, da Auta ta ji ƙararrawarsa sai ta zo ta tsare ni da idanun nan irin naki. Fankoki suna ta juyawa, firij ana buɗe shi kamar ƙofar kasuwa. Da na duba mitar wuta, sai da gabana ya faɗi.

Don haka na tara kowa a falo na kafa doka. Fanka ɗaya za a kunna da rana, kowa ya zo ƙarƙashinta. Askirim sai kin dawo. Kuɗin makarantar da kika bari ko kallonsu ban yi ba.

Abin da ya fi damuna allurar ciwon sugan Baba ce. Jiya na je kantin magani na tarar ta sake tashi. Na dawo raina a ɓace, ana cin abinci na yi ta faɗa, har na ce kwalba ɗaya ta fi cefanen mako tsada, mutum ya rasa inda zai sa kansa. Baba ya wanke hannunsa ya koma ɗaki. Kin san mahaifin nawa, magana ba ta dame shi ba.

Yara suna gaishe ki. Ni ma ina kewarki, ko da yake ba zan maimaita ba.

Naki,
Direbanki

Maman yara,

Sallama da fatan alheri. Yaya mai jiki, yaya gajiyar jinya?

Dokata ta kama. Yanzu yara Mai Mita suke kirana a bayan ido, sun ɗauka ban sani ba. Babbar 'yarmu ta koyi haɗa musu lemo a gida, ruwan ya fi lemon yawa, amma ana sha. Ni kuma na samu ɗan aikin kai kaya da motar wani mai shago, yana rage mana zafi.

Sai dai jikin Baba bai yi mini ba. Ruwa yake sha ba ƙaƙƙautawa, kuma bini-bini yana hanyar banɗaki. Ya rame a wuya. Jiya ina ba shi labarin aikin da na samu, sai na ga ya yi barci a zaune. Na ce mu je asibiti, ya ce zafi ne kawai, kowa ma haka yake ji. Na cire ɗakinsa daga doka tun farko, amma kullum na leƙa sai in tarar fankarsa a kashe, wai iska tana tayar masa da ciwon gwiwa. Allurar ma ya hana ni yi masa kamar yadda kika nuna mini. Ya ce shi ba yaro ba ne, sai ya ɗauka ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Abu ɗaya ya faranta mini. Kwalbar da na sayo har yanzu ba ta yi rabi ba, alhali a lissafina ya kamata a ce ta kusa ƙarewa. Ina jin sun ƙara mata yawa ne da suka ƙara kuɗi. Na ɗaga ta a gabansa na yi hamdala, shi ma ya yi murmushi.

Ki sa shi a addu'a. Hankalina bai kwanta ba, kuma ban san dalili ba.

Naki,
Direbanki

Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. A kan bencin asibiti nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da rubutun.

Saƙonki ya shigo wayata, wanda kika ce in bar duk abin da nake yi in kai Baba wurin likita, don kwalba ba ta ƙara yawa da kanta. Ya same ni muna cikin mota, Baba yana kwance a jikina bai san wanda ke riƙe da shi ba. Da safe Babbar ta kai masa shayi ta tarar da shi a ƙasa.

Likita ta ce sugansa ya hau fiye da kima, ruwan jikinsa kuma ya ƙafe. Ta tambaye ni yadda ake yi masa allura, na tsaya ina kame-kame. Da ya farfaɗo ita ta zaunar da shi ta lallashe shi, shi ne ya faɗa mata. Rabi yake yi, wata rana ma ba ya yi, tun ranar da na yi faɗan nan a kan abinci. Ya ce mata yaronsa yana da iyali, kuma rabin albashi ake ba shi.

Na fita bayan ɗakin na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Mutumin da ya sayar da kekensa ya biya mini kuɗin koyon tuƙi, shi na sa ya riƙa auna numfashinsa da cefane. Ni ban yi nufin ya ji a jikinsa ba, bakina ne kawai ba ya riƙe abu.

Kuɗin makarantar yara na taɓa su, kuma kafin a sallame mu da wuya a bar komai. Yadda za a yi idan an koma, ban sani ba. Likita ta ce sai sun ga yadda ƙodarsa za ta yi kafin su ce wani abu.

Ɗazu ya kira ni da hannu, na sunkuya. Na zaci ruwa zai nema. Ashe tambaya yake nawa ake biyan gadon a kwana, wai in nema masa takalmansa mu tafi gida. Na ce masa makarantarmu ce take biya wa iyayen ma'aikata, ba ruwanmu da ko sisi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yarda aka sa masa wani ƙarin ruwan.

Ki taho idan ƙanwarki za ta iya zama ita kaɗai. In ya tambaye ki, abin da za ki faɗa masa ke nan: makaranta ce take biya.

Mijinki