Baƙon da Ke Jiran Masu Gida

Roni, ta Kazaure,
Jihar Kano.
21 ga Fabrairu, 1971.

Zuwa ga 'yata Uwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya a nan Anacha, ke da maigidanki da jikata Talatu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya rufa muku asiri, ya sa abin da idanunku suka gani a shekarun yaƙi ya zama shi ne na ƙarshe. Mu ma a nan muna nan kamar yadda Allah ya ajiye mu. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ce dai ta ba mu kunya. Ƙanenki Sama'ilu ya tafi Kano, wai yana bin wata babbar mota, don yanzu duk yaron da ya ji rediyo ta ambaci man fetur sai fartanya ta yi masa nauyi. Gwaggonki Dela tana nan da bakinta, bai ragu ba ko kaɗan. Ni kuwa idanu sun fara yi mini rowa, shi ya sa za ki ga rubutun yana hawa yana sauka. Kabarin mahaifiyarki na kewaye shi da duwatsu kafin damina, ruwa bai taɓa shi ba.

Takardarki ta lokacin Kirsimeti ta iso. Na karanta wa Dela, ta sa na maimaita wurin da kika ce Talatu ta fara famfara, kuma ba ta jin Hausa sai "zo" da "bari". Wurin da ban karanta mata ba shi ne inda kika ce maigidanki ya rantse ƙafarsa ba ta ƙara taka Arewa, gidanku kuma in ba duk wanda na ga dama. Ban amsa miki ba tun lokacin domin ban san abin da zan ce ba. Yanzu wani al'amari ya taso wanda ya tilasta mini ɗaukar alƙalami.

Tun watan Maris na bara Bishof ya aiko cewa a keɓe shekara guda domin girmama Waliyyi Yusufu, mijin Maryamu. Kin san ni, da na ji sai na ce to, an sake samo wa talakawa abin yi. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina haddace Latin, har ana nuna ni ana cewa ga Fada na farko daga ƙasar Kazaure, ciwon ƙirji ya sa aka sallamo ni daga makarantar horar da Fada da akwatina. Na dawo na yi katikis, mai koyar da addini a coci, har gashina ya yi fari, sannan aka wayi gari aka ce an daina Latin, aka kawo mana wani yaro Filibus a madadina, mai takardar shaida da agogon hannu. Tun daga ranar nake yin addu'ata a ɗaki. Amma sauran jama'a sun riƙe shekarar nan da gaske. Kowace Laraba suna taruwa da yamma su yi rosari, addu'ar carbi, da roƙon waliyyin. Maza sun yi gayya sun gyara wa gwauraye rufin ɗakuna. Kafin shuka Fada ya zo daga Kano ya sa wa fartanyoyi da gatura albarka a bakin coci, suna jere a ƙasa kamar ranar kasuwa. Duk ɗa namijin da aka haifa bana sunansa Yusufu, har Dela ta ce nan gaba in aka ƙwala kira ɗaya rabin unguwa zai amsa.

Babban abin shi ne siffar waliyyin da Fada ya kawo, 'yar ƙarama ce ta farar ƙasa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, yana riƙe da jariri a hannu guda, fure a ɗayan. Aka ce za ta riƙa zaga gidajen masu bi, mako guda a kowane gida. Abin da Bishof ya nufa ke nan, amma mutanenmu suka ɗauke shi yadda suka san baƙo. In ya iso, maigida ya fito ƙofa ya yi masa maraba, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a kawo ruwa a ƙwarya a ajiye gabansa, a kunna fitila. In mako ya cika, maigida da uwargida su yi masa sallama da bakinsu, su ce ya gaida gida, sannan a raka shi da waƙa har ƙofar na gaba. Filibus ya yi ta faɗa a kan ƙwaryar ruwan nan, wai tana kama da abin da kakanninmu suke yi a gindin tsamiya. Ba wanda ya kula shi.

Haka baƙon ya bi gida gida har watan jiya, zagayen ya kawo kan gidanku. Filibus ya ce a tsallake, tunda ba kowa a ciki. Dela ta ce ba a tsallake ƙofa da baƙo, ai ba annoba aka yi a gidan ba, kuma maigidanki da ya ƙera kowane benci da suke zama a kai a coci bai cancanci a wuce ƙofarsa kamar ta mahaukaci ba. Ta zo ta same ni ina kwance, ta ce in tashi in ɗauko mabuɗi, ta kira ni malamin Latin mara almajirai. Na ce ni na bar wannan harka. Ta ce ba harkar coci ta kira ni ba, harkar 'yata ce. Na tashi.

Uwa, rabona da buɗe ƙofar nan tun ranar da maƙwabcinku Muhammadu Lawal ya ɓoye ku a cikin buhunan gyaɗa a bayan mota lokacin rikicin da aka yi kafin yaƙi, Talatu tana goye a bayanki ko kuka ba ta yi ba. Da na tura ƙyauren sai ƙamshin katako ya tare ni, kamar jiya aka yi aiki. Lemun tsamin da kika shuka a bakin rijiya ya wuce katanga, ya zubar da 'ya'ya ba mai tsinta. Kurciyoyi sun yi sheƙa a rumfar aiki. Na share, na shimfiɗa tabarma, na ɗora baƙon a kan bencin nan da maigidanki bai gama ba, mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Da yamma sai ga Muhammadu Lawal da buhu a kafaɗa. Ashe zarto da guduma da gizago da sauran kayan aikin maigidanki Dominik suna cikin rumbunsa duk shekarun nan, yana shafa musu man gyaɗa don tsatsa. Ya jera su a gefen tabarma, ya ce ya ji an ce baƙon kafinta ne, kada ya zauna hannu sake. Matarsa kuma ta aiko da fura, wai ta baƙo. Ni na shanye.

Makon nan ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Kullum bayan azahar nakan je in zauna a rumfa, in jingina da bango. Akwai wata 'yar huda a kwanon rufi, rana takan zubo ta ciki kamar zare, ta fara daga ƙafar baƙon ta hau a hankali har fuskar jaririn, sannan ta ɓace. Ina kallonta sai gyangyaɗi ya ɗauke ni, ba barci ba, ba ido biyu ba. Sai in ji zarto yana tafiya yana dawowa. In ji kina daka a bayan ɗaki, kina waƙar nan da mahaifiyarki take yi in tana tankaɗe. Wani lokaci mahaifiyarki ce da kanta take shigowa da ƙwarya a ka, da ƙuruciyarta, ta wuce ni, ta leƙa rijiya. Wata rana na ga yarinya mai giɓi a baki tana tsintar lemu a zaninta, na kira ta da Hausa ta juyo ta amsa. Da na farka kurciya ce take tafiya a kan tabarma. Duwatsun Roni kuwa daga tsakar gidan nan, in rana ta yi sanyi, sai su zama kamar shanu sun kwanta suna jiran a kira su. Ban taɓa lura ba sai bana.

Har magana na riƙa yi da shi, ni da na san farar ƙasa ce da fenti. Na ce masa, kai ma ka kwashi mace da jariri ka gudu ƙasar da ba a jin harshenku, ka bar kayan aikinka a baya. Na tambaye shi wa ya shafa wa nasa zarton mai. Na ce amma kai an aiko maka mala'ika ya ce ka tashi ka koma, masu neman ran yaron sun mutu. Bai amsa ba, dama Littafi bai rubuta masa ko kalma ɗaya ba, wataƙila shi ya sa muka shaƙu. Duk waɗanda suka yi mini dogon bayani a rayuwata ba su bar mini komai ba.

Da mako ya cika Filibus ya zo da 'yan waƙa za su ɗauke shi. Suka tarar Dela ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu. Ta ce ba inda za shi, masu gida ba su sallame shi ba. Filibus ya nuna ni, ya ce ga mai sallama nan. Ta ce a wane gari suruki yake sallamar baƙo a gidan mijin 'yarsa, ni mai shara ne kawai. Ta tambaye shi ko a makarantar tasu agogo kaɗai ake rabawa, ba a koyar da kunya. Ya ce Iya, wannan fa siffa ce kawai, ba ta ji ba ta gani. Ta ce to don me ya sa ta durƙusa mata wata goma sha ɗaya da ciwon gwiwa. 'Yan waƙa suka fashe da dariya. Aka kira Muhammadu Lawal ya raba, ya ce shi ba ya shiga sha'anin addininmu, amma in maganar baƙo ce, tsohuwa ta fi su gaskiya. Filibus ya tafi yana huci. Na ji tausayinsa kaɗan, abin da ban yi zato ba.

To, baƙo yana nan har yau. Gidaje biyu da suka rage sun yi gunaguni, daga baya suka ga in ba zai je musu ba su sai su zo masa. Yanzu kowace Laraba tsakar gidanku cike take, mata a gindin lemu, maza a rumfa, yara a kan katanga. Ranar da muryar Filibus ta dushe ni na ja roƙon, kuma ban yi da Latin ba. Da Fada ya zo aka kai masa ƙara, ya yi dariya har ya cire tabarau, amma da ya ji gidan wane ne sai dariyar ta tsaya. Ya ce a bar baƙon zuwa ranar idin waliyyin, sha tara ga Maris, ranar da za a rufe shekara. Ran nan za a ɗauke shi a kai shi coci da jerin gwano, ko an sallame shi ko ba a sallame shi ba. Dela ta ce in aka fitar da baƙo daga gida ba sallama, gidan ya mutu ke nan, ita da kanta za ta ce in ba da shi. Na san kuma haka zan yi, domin ba zan iya sake rufe ƙofar nan in ci gaba da riƙe mabuɗin ba.

Ni ba mala'ika ba ne, Uwa, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce waɗanda suka kore ku sun mutu ba. Suna nan, ina haɗuwa da wasunsu a kasuwa, mukan gaisa. Ba zan ce wa maigidanki ya karya rantsuwarsa ba, ya ga abin da ban gani ba. Ban kuma ce ku dawo da zama ba. Abin da nake roƙo, ki karanta masa wannan takarda, ki gaya masa yana da baƙo ɗan sana'arsu a gida. In zai iya zuwa, Muhammadu Lawal ya ce zai tare ku a tashar Kazaure da kansa, kuma a ɗakinsa za ku kwana in gidan ya yi muku nauyi. In ba zai iya ba, ya ba ki izini ki zo da Talatu ki yi sallamar a madadinsa, Dela ta yarda bakin uwargida ya isa. Kalma biyu ce, ki ce masa ya gaida gida. Ni dai ina so in ga giɓin nan kafin sababbin haƙora su rufe shi, kuma kafin idanuna su gama rufewa.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida iyayensa da duk waɗanda suka riƙe ki a lokacin wahala, Allah ya saka musu. Ki shafa mini kan Talatu. Gwaggonki Dela tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da manja. Muhammadu Lawal da iyalinsa suna gaisuwa, haka Hamma mai shanu da har yanzu yake tambayar ina mai sayen nononsu. Sama'ilu ma na san da yana nan da ya gaishe ki.

Bencin nan yana ta rawa duk lokacin da aka taɓa shi. Muhammadu Lawal ya ɗauko guduma zai gyara, na ce ya bari, aikin yana da mai shi. Na sa dutse a ƙarƙashin ƙafar, zai riƙe zuwa sha tara ga Maris.

Ni ne mahaifinki,
Istifanus Nomau.