Jaridar da Ta Zo da Takalma

Argiris ɗana, kai da ke can bayan teku,

Ina gaishe ka da kyau, Allah ya tsare min kai da sanyin garin nan naku. Mu lafiya lau, zaitun ya yi 'ya'ya bana har rassa na shafar ƙasa. Ƙanwarka Froso ma ta yi nauyi, ka gane nufina.

Ga hoton da ka dame mu a kansa. Ka ce babanka da Baffa Sotiris tare, ka manta tun zaɓen nan ko a coci ba sa haɗa ido. Da ƙyar suka bi ni birni, Tiripoli, wurin mai hoto, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar ba ciki ɗaya suka fito ba.

Ka san namiji ba ya hoto sai da jarida a hannu, don a ce ya san duniya. To, kowa ya zo da tasa a aljihu, babanka ta 'yan sarki, Baffa ta masu adawa. Baffa ya ce ba zai tsaya kusa da takardar ƙarya ba, babanka ya ce ta Baffa ko kifi bai naɗewa da ita. Mai hoto ya zaro kai daga baƙin ƙyallensa ya ce su ajiye duka. Wa zai yarda a gan shi Amurka hannu sake kamar makiyayi? Har Baffa ya ɗauki sandarsa zai tafi.

Ni kuwa cukun da na yi guzuri, da jaridarku ta Amurka na naɗe shi, wadda ka naɗo mana takalma da ita; Turanci ne, ba mai iya karantawa a cikinmu. Na warware, na shafe ta a cinya, na miƙa musu. Babanka ya jujjuya ta ya ce, "Wannan me ta ce kan sarki?" Baffa ya leƙa ya ce, "Yaya, ko me ta ce, ni ban yarda ba." Kowa ya kama gefen jaridar ɗaya. Mai hoto na cewa kar a motsa, kafaɗar babanka na rawa don dariya, shi ya sa ka gan shi dishi-dishi. Tabon nan kuwa maiƙon cuku ne.

A hanya dai ba su yi magana ba, amma harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka gaishe min da matarka Stamata, da Kawu Lambis, ka ce masa... tsaya, ana buga ƙofa. Da sanda ake bugawa. Ga babanka nan yana cewa in dafa gahawa ta mutum biyu, bari in