'Yata Ce Ta Kayar Da Mu A Kotu

Ustaza Sausan, ki taimaka mini da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Shekara talatin da huɗu ina gasa jan bulo a bakin kogin Nilu, ni da yayana Shahata, a masana'antar da muka gada. Bara gwamnati ta ce hayaƙinmu na cikin masu ɗumama duniya, mu bar ƙona baƙin mai mu koma gas. Ƙungiyarmu ta masu bulo ta garzaya kotu, ta ce gwamnati ba ta da hurumin ƙayyade mana hayaƙi. Ashe cikin lauyoyin gwamnati har da 'yata Narmin, wadda da bulon nan ta yi karatu.

Da fushina na shiga kotun. Da ta miƙe, ba ta zage mu ba. Ta ce ita 'yar masu bulo ce, ta san zafin wutar, ta kuma san tarin da kakanta ya mutu da shi. Ta ce iska ba gonar kowa ba ce, idan hukuma ba ta tsare ta ba, wa zai tsare? Wallahi sai da na danne hannuna kada in tafa. Alƙalai suka ba gwamnati gaskiya.

Yanzu a shagon shayi Baban Gwamnati ake kirana. Shahata ya rantse idan Narmin ta zo cin mulukiyya, miyar lalon da iyali ke haɗuwa a kanta duk Juma'a, shi ba zai zauna ba. Ban ga laifinsa ba, ma'aikata sittin ke ƙarƙashinmu. Ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba. A ɓoye nake alfahari da ita, kamar ɓarawo.

Mai Bulo

Malam Mai Bulo,

Ka haifi 'ya, Allah Ya albarkace ta. Ba kowa ke iya tsayawa gaban mahaifinsa ya saɓa masa ba tare da ya ci mutuncinsa ba. A gidanka ta koyi wannan.

Fushin yayanka tsoro ne, kuma yana da dalili. Kada ka ja da shi kan hukuncin, an riga an yanke. Ku zauna kan maganar ma'aikatan, ku sa ƙungiya ta nemi wa'adi da tallafin sauyawa. Wannan haƙƙinku ne ku nema.

Narmin kuwa, kira ta yau. Shirunta ba raini ba ne, tana tsammanin ta rasa uba. Faɗa mata da bakinka cewa ka so ka tafa. Idan Shahata ya ƙi zama wannan Juma'ar, a aika masa da nasa kwanon, Juma'a ba ɗaya ba ce.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa albarka a sana'arku.

Ustaza Sausan