Cikin Almu

Ƙofar Guga, Katsina
Yuli, 1979

Ƙanena Siddiq,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya sanyin Landan, ya karatu? Nan duk lafiya lau. An yi suna a Batagarawa, gidan su matarka Zulaihat. Yaro ya ci sunan Baba, Almustapha, muna ce masa Almu. Tana can tana wankan jego, sai ta yi arba'in za ta dawo mana.

Gari ya ruɗe da zaɓe, soja za su koma bariki, kowa ya zama ɗan siyasa har Sada mahauci. Inna kuwa ta sa ni gaba sai na faɗa mata aikin da ya riƙe ka. Na ce hanjin ɓera kake leƙawa. Ta ce, "Mi ya kai shi Turai neman kayan ciki, ga su tuli wurin Sada?" To, ka ba ta amsa da kanka, a gabanta zan karanta.

Yayarka,
Iklima


Landan
Satumba, 1979

Yaya Iklima,

Ina gaida ki, ina gaida Inna da kyau. Takardarki ta daɗe a hanya. Allah ya raya abin da aka samu.

Ki ce wa Inna hanji ba igiya ba ce kawai. Yana da jijiyoyinsa masu ba shi umarni ya matsa, ya tura abinci gaba, ba tare da ya jira ƙwaƙwalwa ba. Su nake bi a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Akwai jariran da ake haifa ƙarshen hanjinsu babu waɗannan jijiyoyi. Sai bayan gida ya ƙi fita tun ranar haihuwa, ciki ya kumbura ya yi tauri, yaro ya yi ta amai kore, yana ramewa. Aikina ya taimaka wa likitocin nan wajen gane ciwon da wuri. Su yanke wurin da ba ya motsi su haɗa, yaro ya tashi kamar kowa. Ina murna da wannan ƙwarai.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ƙanenki,
Siddiq


Ƙofar Guga
Oktoba, 1979

Siddiq,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri, Allah ya karɓi Almu.

Na karanta takardarka a tsakar gida, Inna da Zulaihat na zaune. Da na zo kan amai kore, Zulaihat ta saki kwanon da ke hannunta. Duk abin da ka lissafa yana jikin yaron tun a Batagarawa. Can tsofaffi suka ce iska ce ta cika masa ciki, aka yi ta jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi masa tsaga. Da ta dawo, mu ma kan wannan muka ɗora. Ita kuwa, da yake ɗanta na fari ne, don kunya ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane, balle ta ce yana ciwo. Sau biyu ta rubuta maka ba ta ambace shi ba. Kai ma, saboda Inna za ta ji, ka dunƙule shi cikin "mutanen gida". Ni da ba kunyar kowa a kaina, ina na tsaya? Kan zancen zaɓe da tsokana. Abin yana cin raina.

Washegari muka kama hanyar asibitin Zariya, ana ta kiɗan miƙa mulki a titi. Ya cika kafin mu kai Malumfashi.

In ka rubuto mata, don Allah ka ce ba a iya yin komai.

Yayarka,
Iklima


Ƙofar Guga
Nuwamba, 1979

Malam,

Ina gaida kai, ya ƙarin haƙuri?

Na ga saƙonka. Ka ce ko an kai shi da wuri ba zai tashi ba. Na gode, amma da kunnena na ji takardarka ta farko.

Ba ka gan shi ba, bari in faɗa maka. Goshinka ne da shi. Ba ya son a rufe masa ƙafa. In ba kowa a ɗaki nakan ɗora shi a ƙirjina in yi ta shafa cikin, sai ya yi shiru yana kallona. Ina son shi sosai, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ka tsaya ka gama aikinka. In ka dawo, ka yi wa mata bayaninsa da Hausa.

Matarka,
Zulaihat