Bargo a Zafin Sakkwato

Ƙofar Atiku, Sakkwato.
9 ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙawata Maman Samuel,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baban Samuel da yara da jikoki. Yaya ƙafar tasa? Yaya sanyin Jos ɗin naku? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Suga na nan yadda kinka san shi, yau ya hau gobe ya sauka.

Na san za ki yi dariya, ga waya a hannu ina rubuto miki takarda kamar zamanin da. To maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. Tun da munka baro Tudun Wada munka dawo gidan su Malam, ko tari na yi sai Inna Kaltume ta ji daga ɗakinta. Ta yaya zan zauna tsakar gida ina zancen ɗiyar fari, uwar miji na saurare? Shekara ashirin da biyu kinka yi cikinmu, kin san halinmu: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Ke ce dai kinka ƙi koyo. Duk duniya ke kaɗai ke kirana Maman wance da sunan yarinyar nan. Ranar da kinka rubuta shi ɓaro-ɓaro a kwalin dankalin da kinka aiko, Gambo direba ya tsaya ƙofar gida yana ƙwala shi, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau ban yafe miki ba, Monica.

To zancen ɗiyar taki ne, tunda a hannunki ta faɗo duniya. An buɗe cika fom ɗin JAMB. Likita take son zama, wannan ba sabon labari ba ne gare ki, ke kinka ɓata ta da abin sauraren ƙirjin nan naki tun tana shekara biyar. Abin da ya rage shi ne wace jami'a za ta sa a zaɓin farko. Ran Juma'a anka yi zama a ɗakin Malam. Baffanta Jelani ya ce Zariya, don can ya yi karatu, kuma a ganinsa wanda bai sha ruwan Zariya ba bai yi boko ba. Inna ta ce ga jami'a nan wajen Kwalkwalawa, ga asibitin koyarwa cikin gari, mi za a je nema wata uwa duniya? Malam kuwa, Allah ya saka masa, ya ce ita za ta yi karatun, ita za ta zaɓa, in ma Jos ne ai akwai Monica, gidanki gidanmu ne. Sai ya juyo gare ni gaban kowa, wai mi na gani. Haba Malam! Na ce ni ina ruwana, ɗiyarku ce, na miƙe na ce miyata na ƙonewa. Ko wuta ban hura ba.

Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce Sakkwato. Inna har da guɗa. Washegari ta je ta cike fom.

Da na yi murna, kin san ni. Amma jiya ina kakkaɓe shimfiɗarta sai ga wata takarda ta faɗo daga cikin littafinta. Ta ja layi ta jera jami'a biyar: Zariya, Kano, Ilori, Jos, Sakkwato, ƙarƙashin kowace ta rubuta dalilanta. Na Jos sun cika gurbinsu har ta bi gefen takarda da ƙananan baƙi. Asibitin da kinka zagaya da ita lokacin hutu, ɗakin jarirai, duwatsu, son ganin wani gari, da ke kanki. Ƙarƙashin Sakkwato kuwa kalma biyu ce tak: allurar Umma.

Kin san shekara uku ke nan da likita ya maida ni kan insulin, kuma ita ke yi mini. Ni da allura kin san tarihinmu, ke kinka taɓa bi na da gudu har bayan ɗakin awo, ga ciki wata bakwai. Kullum bayan asuba sai ta shigo da faranti, ta huda mini yatsa, ta faɗa wa bango lambar da ta fito, ni kuma in kau da kai ina kallon taga. Ta yi allurar ta fita. Da yamma ma haka. Ba mu taɓa haɗa ido ba. Ashe duk safiyar nan yarinyar na auna tafiyarta da tsorona.

Na zauna bakin gadon na yi kuka, sannan na yi dariya, don rubutun nata irin nawa ne sak. Ba na son ta zauna saboda ni, Monica, wallahi ba na so. Amma da wane baki zan faɗa mata? Ki ba ni shawara, kuma don Allah a takarda, hannun Gambo. Kada ki rubuta komai a bayan ambulan.

Ga kilishi nan, mai yajin na Baban Samuel ne. A gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Sadiyatu.

Ƙofar Atiku, Sakkwato.
14 ga Mayu.

Maman Samuel,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaya ruwan sama? Na ji an ce ya sauka gare ku tuni. Mu nan zafi ake yi irin wanda kinka sani, randa kanta ruwan ɗumi take bayarwa.

Albishirinki! Sakamako ya fito, ɗiyarki ta ci ɗari uku da goma sha ɗaya. Baffa Jelani ya zo da rago, Malam ya kasa rufe baki, makwabta sunka cika gida. Ni kuwa da anka faɗa mini gaban mutane na ce to madalla, na ci gaba da tankaɗe. Sai da na shiga ɗakin girki na ja ƙofa, na yi rawa ni kaɗai har zanena ya kwance. Ke kaɗai na gaya wa wannan.

Takardarki ta iso tun watan Maris, na karanta ta ya fi sau goma. Na gode da kinka sanar da ni ana iya canja zaɓi bayan sakamako ya fito. Shawararki ta farko, wai in buɗe baki in gaya mata kawai, na ajiye miki abarki. Ke da ke rungume Samuel a tasha gaban jama'a, mi kinka sani? Na ce bari in yi tawa dabarar.

Ran Asabar na tafi kasuwa cikin tsakar rana na ce bargo nake so, mai kauri. Mai shagon ya dube ni ya dubi rana, ya tambaye ni ko wani ne ba lafiya. Sai da ya hau tsani ya sauko da shi daga can saman kaya, yana zufa yana salati. Na haɗa da rigar sanyi mai hula da safa ƙafa uku. Na dawo na jera su a kan gadonta, na ce duk mai hankali in ya ga bargo a Sakkwato cikin watan Mayu ya san ba na nan ba ne.

Kin san abin da ɗiyarki ta yi? Mai ɗari uku da goma sha ɗaya? Ta naɗo bargon ta kawo ɗakina, ta taɓa mini goshi, ta sake huda mini yatsa ba lokacinsa ba. Wai ta zaci zazzaɓi ke damuna ina ɓoyewa, na sayo abin rufa na manta shi a ɗakinta. Ta lulluɓe ni da shi, Monica, cikin wannan zafi, kuma ban da bakin cewa a'a! Inna kuma da ta ga bargo sai ta ce kayan ɗaki na fara tarawa, tana ta bin Malam da tambaya ko wani ya fito ne ba a gaya mata ba.

Don haka na dawo kan shawararki ta biyu, ta lemu. Na sayi sabbin allurai na ɓoye cikin kwanon samira. Duk in ta fita sai in ɗauko lemu in tsuke shi in soka, yadda kinka zana mini. Ranar farko lemun ya kuɓuce mini ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Yanzu kuwa ido buɗe nake yi. Ba na iya shan su saboda suga, ba na iya ba mutane su tambaye ni huda, sai akuyar Inna. Akuyar nan ta yi sheƙi, da ta hango ni sai ta fara kuka.

Malam ya kama ni ran Talata. Na gaya masa komai, shi ai ba ni da kunyarsa kan wannan. Ya ce to ai shi sai ya karɓi aikin allurar. Na cire murfin na miƙa masa. Ya dubi tsinin, ya dube ni, sai ya tuna bai yi sallar walha ba. Ashe tsoron nan mu biyu ne muke da shi shekara goma sha tara ban sani ba.

Jiya na je asibiti wata nas ta duba hannuna, ta nuna mini yadda ake murza lambar awon maganin a jikin allurar, ta ce na iya. To lemu ba ya jin zafi, wannan ita ce matsalar. Ƙawayen ɗiyarki za su je canja nasu zaɓin mako mai zuwa, ita ta ce babu abin da za ta canja. In ban yi ba cikin kwanakin nan, shi ke nan, ta zauna. Ki sa ni cikin addu'arki ran Lahadi, ni ma ina yi.

A gaida Baban Samuel da yara.

Taki,
Sadiyatu.

Ƙofar Atiku, Sakkwato.
23 ga Mayu.

Monica ƙawata,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Yau ba zan ja gaisuwar ba, Gambo ƙarfe goma zai tashi.

Na yi!

Ran Litinin na kasa, ran Talata na kasa. Ran Laraba bayan asuba ta shigo da farantinta kamar kullum. Kafin ta durƙusa na miƙa hannu na karɓe shi. Na huda yatsana da kaina, na duba na'urar, na faɗa wa bango lambar yadda take yi. Na murza allurar, na tsuke fatar cikina, na yi bisimilla na soka. Monica, cizon cinnaka ya fi shi zafi. Shekara uku ina kau da kai saboda wannan ɗan abu! Na ƙirga goma na zare, na maida murfi, kamar wadda ta yi aiki da ke a ɗakin haihuwa.

Tana tsaye ko motsi ba ta yi. Ni kuma na juya ga tagata, na gaya wa tagar cewa na ji an ce Jos akwai sanyi, kuma bargon nan ba don mara lafiya anka saye shi ba. Sai na ga tagar ba za ta isar da saƙon ba. Na juyo na dube ta cikin ido, na ce ta je ta sa abin da ranta ke so, na yarda, kuma ina alfahari da ita. Ashe idon mahaifiyata gare ta, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ta zube ta ɗora kanta a cinyata tana kuka tana dariya, rabon da ta yi haka tun yaye. Ni ma ban hana ta ba, har kitson nata na shafa.

Ina ɗaga kai sai ga Inna tsaye bakin ƙofa da carbinta. Na ce yau kashina ya bushe, sai Ƙofar Atiku kaf ta ji surukar gidan su Malam ta zubar da kunya. Tsohuwar nan ta yi gyaran murya, ta ce idonta kwana biyu ba ya gani sosai da safe, ta wuce. Da hantsi ta kira ni ɗakinta. Kin san Malam shi ne nata na fari, ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce ranar da zai tafi makarantar kwana ko leƙowa ba ta yi ba, amma ta zagaya ta bayan gida ta laɓe jikin katanga har motar ta ɓace, kuma shekara arba'in tana cizon yatsa ba ta ɗaga masa hannu ba. Sannan ta ce safa uku sun yi kaɗan, a ƙaro.

Ranar ɗiyarki ta je ta canja. Jos ta farko, Sakkwato ta biyu saboda Inna. Baffa Jelani ya yi fushin minti biyar kan Zariya, sannan ya ce shi zai kai ta jarrabawar tantancewa da motarsa. Ba a ba ta gurbi ba tukuna, muna dai roƙon Allah ya zaɓa mafi alheri. Amma in kinka ga yadda take tafiya tsakar gida kwanan nan, sai ki ce an riga an rataya mata abin sauraren ƙirji. Yanzu ni ke yin allurata safe da yamma, ita tana tsaye tana gyara mini kamar wata babbar likita. Akuya ce kaɗai ba ta ji daɗin lamarin ba.

Ki share mata ɗakin da autarki Comfort ta bari. Ba ta cin kuɓewa, kuma in tana karatu mantawa take yi da abinci, sai an tsaya a kanta. In ta yi laifi ki yi mata faɗa, kin fi ni iyawa. In ta yi abin kirki ki yabe ta da ƙarfi, ki ƙara da nawa.

A gaida Baban Samuel, ki ce masa ya shirya, ya samu ɗiya. Kwalin dankali na gaba kuwa, ki rubuta abin da kinka ga dama a bayansa, Gambo ya ƙwala yadda yake so. Zan fito in amsa.

Taki har kullum,
Maman Zaituna.